Birayozowa: Ƙananan Dabbobin da ke Maƙale da Duwatsun Ƙasan Teku

Aikina shi ne tantance wasu ƙananan dabbobin teku da ake kira birayozowa, kuma kusan duk a gaban madubin ƙara girma nake yin sa, da ɗan burushi mai laushi a hannu. Idan aka miƙo maka dutsen da aka ciro daga ƙasan teku, abin da idonka zai gani wani farin ɓawo ne siriri a jikinsa, irin wanda mutum zai kankare da farce ya yar. Sai a ƙarƙashin madubi ake ganin ɗakuna jere kamar saƙar zuma, kowane ɗaki da dabbarsa, tsawonta bai cika wuce rabin milimita ba.

Dukansu daga uwa ɗaya suka tsiro, kuma akwai kafofi a bangon ɗakunan da suke miƙa wa juna abinci. Mai ciyarwa takan leƙo da wani zagayen gezoji ta kaɗa ruwa zuwa bakinta, da ta ji motsi sai ta shige ta rufe ƙofa. Wasu aikinsu renon ƙwai. Wasu kuma ba sa ci ko kaɗan, sun rikiɗe sun zama masu gadi da muƙamuƙi mai datsewa, siffarsu ta kan tsuntsu. Su ne Charles Darwin ya tsaya yana kallo yana mamaki a tafiyarsa cikin jirgin Beagle. Nau'o'in da aka sani suna raye sun kai kimanin 6,000.

Akasarinsu a ruwa marar zurfi suke, amma ba nan suka tsaya ba. Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger, wanda ya zagaya duniya daga 1872 zuwa 1876, ya kwaso su daga zurfafan wurare, masanin halittu George Busk ya yi bayaninsu. Jirgin Galathea na ƙasar Denmak kuwa, a tafiyarsa ta 1950 zuwa 1952, ya samo wata a ramin Kermadec, arewa da Niyu Zilan, a zurfin mita 8,300.

Zaman can ba wasa ba ne. Babu haske, ruwan ya kusa daskarewa, abinci sai ɗan burbushin da ya zubo daga sama. Daga zurfin mita 4,000 zuwa 5,000 sinadarin allin da suke gina ɗakunansu da shi yakan narke, shi ya sa na can ƙasa ke zuwa mana da bango sakayau, wasu ma babu allin sam. In ka matsa musu da burushi sai su wargaje. Babbar matsalar dai ita ce wurin kamawa, domin ƙasan teku laka ce shimfiɗe. Wasu, irin su Kinetoskias, sun yi dabara: sun kafa saiwoyi a lakar, sun ɗaga kansu a kan doguwar sanda. Sauran dole sai sun sami abu mai tauri.

A yankin Clarion-Clipperton da ke tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Meziko, abin mai taurin shi ne wasu baƙaƙen dunƙulen duwatsu da ba su wuce a riƙe a tafin hannu ba. Milimita kaɗan suke ƙaruwa a cikin shekara miliyan ɗaya. Cike suke da manganis da nikel da kobalt da tagulla, ƙarafan da masu ƙera batura ke nema ruwa a jallo. Injin da zai kwashe su zai tafi ne har da mazaunan jikinsu, ya kuma tayar da lakar da za ta toshe gezojin waɗanda suka rage. 'Ya'yan yawancin birayozowa ba sa cin abinci, sa'o'i kaɗan suke iyo kafin su nemi wurin zama, to ina za su sauka idan an share dutsen?

An taɓa gwadawa. A 1989 masu bincike na Jamus suka bi wani fili na ƙasan teku kusa da Peru da garma, da aka koma a 2015 sawun garmar na nan raɗau, dabbobin da ke zama a jikin dutse ba su farfaɗo ba. Wani nazari da masana na gidan tarihin halittu na Landan suka jagoranta a 2023 ya ƙirga nau'o'in dabbobi sama da 5,000 a Clarion-Clipperton, kusan kashi 90 cikin 100 ba a ma raɗa musu suna ba. A ganina gaggawar haƙar ta yi yawa, tunda mu masu tantancewar ba mu da yawa, kuma bayanin nau'i ɗaya yakan ci watanni.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da Fasifik. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce ma'adinan ƙasan tekun da ba na kowace ƙasa ba gadon dukan 'yan Adam ne. Hukumar da ke ba da izini a kansu tana Kingston ta ƙasar Jamaika, ɗan Gana Nii Allotey Odunton ya shugabance ta daga 2009 zuwa 2016, kuma Najeriya na da kujera a zaurenta, haka ma Nijar da ba ta da gaɓar teku.