DARASI: YAJIN AIKIN MASU HAƘAR KWAL DA ABIN DA DOKA TA CE

Duk lokacin da aka ce ma'aikata sun tafi yajin aiki, da yawa daga cikinmu hutu kawai muke tunani. To amma yajin aiki yana da tarihi, yana kuma da doka. Darasinmu na wannan mako ya shafi masu haƙar ma'adinai.

Mu fara da abin da ke kusa da mu. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a nan tashar jirgin ƙasa ta Kaduna ta Kudu. A zamanin Turawa jiragen ƙasa da kwal suke aiki, kuma a Inugu ake haƙo shi. An gano kwal a yankin a 1909. Ke nan hayaƙin da kakanninmu suka gani yana tashi a tashar nan, gumin leburorin Inugu ne.

A 1949 waɗannan leburori sun ce suna bin hukumar ma'adinin bashin kuɗin aiki, suna kuma neman a gyara musu albashi da alawus. Ba su ajiye aiki gaba ɗaya ba. Dabara suka yi: suna shiga rami kullum, amma suna jan ƙafa, kwal ɗin da suke fitarwa ya ragu sosai. Sai hukuma ta kori wasu daga cikinsu. Su kuma suka zauna a wurin aikin suka ƙi tafiya, don kada a kawo wasu a maye gurbinsu.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, aka tura 'yan sanda ramin Iva Valley su kwashe nakiyar da ake fasa dutse da ita. Gwamnati tana tsoron kada nakiyar ta faɗa hannun masu neman 'yancin kai. Leburori kuwa suna ganin idan aka kwashe ta, rufe ramin za a yi, abincinsu ya ƙare. Ana cikin cacar baki sai wani Baturen ɗan sanda mai suna F. S. Philip ya sa aka buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, alhali ba su da bindiga. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Fitzgerald, kuma kisan ya haɗa kan 'yan siyasa masu neman Turawa su tafi. A ganina abin da ya fi ciwo shi ne, maganar kuɗi ce, wadda za a iya zama a kan tebur a warware.

To yau me doka ta tanada?

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa damar shiga ƙungiyar ƙwadago. Sai dai ba a wayi gari kawai a ajiye diga da shebur. Dokar sasanta rikicin ma'aikata ta 1976 ta shimfiɗa matakai. Da farko ɓangarorin biyu za su zauna da mai shiga tsakani. In abin ya gagara, a kai rahoto ga Ministan Ƙwadago, shi kuma ya naɗa mai sulhu. In har yanzu ba a daidaita ba, maganar ta tafi gaban kwamitin sasanci, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Muddin ana kan waɗannan matakai, doka ta hana yajin aiki, ta kuma hana mai kamfani rufe ƙofa ya hana ma'aikata shiga. Gyaran dokar ƙungiyoyi na 2005 ya ƙara da cewa sai an kaɗa ƙuri'a, mafi yawan 'yan ƙungiya sun amince. Hanyar tana da tsawo ƙwarai. Mai jin yunwa zai ce ta yi tsawo da yawa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Akwai kuma sashe na 43 na dokar ta 1976, wanda muke yawan ji a rediyo: ba aiki, ba albashi. Wanda ya yi yajin aiki ba shi da haƙƙin albashin kwanakin da bai yi aiki ba. Haka nan idan mai kamfani ne ya kulle ma'aikata a waje, shi zai biya su.

Game da albashi, Dokar Ƙwadago ta ce da kuɗi za a biya ma'aikaci, kuma kada a wuce wata ɗaya ba a biya ba. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Dokar Ƙwadago ta kuma hana a sa wanda bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa. Wato babu ɗaya daga cikin 'yan ajinmu da ya halatta a zura shi rami.

Sai bonas, wato ƙarin kuɗin da ake ba ma'aikaci a ƙarshen shekara ko idan ya fitar da kaya da yawa. Nan ne mutane suke ruɗewa. Babu dokar da ta tilasta wa kowane kamfani biyan bonas. Yana zama haƙƙi ne idan yana cikin yarjejeniyar aikin mutum. In kuwa alkawarin baki ne, tabbatar da shi a kotu akwai wuya. Shi ya sa ƙungiyoyi suke nacewa a rubuta komai a sa hannu.

Amma wa duk waɗannan dokoki suke karewa? Ku duba masu haƙar zinare a Birnin Gwari da Zamfara, ko masu tonon kuza a Filato. Akasarinsu ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da ƙungiya. Gwargwadon buhun ƙasar da mutum ya fito da shi ake sallamarsa. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya bisa yawan abin da ya yi ba. Idan irin wannan lebura ya ce zai yi yajin aiki, kafin la'asar an sa wani a raminsa.

Ko masu ƙungiya ma ba kullum suke samun nasu ba. Mu 'yan wannan yanki mun san masaƙun Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, kuma tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekaru suna neman kuɗin sallamarsu.

Tambayar wannan mako: idan mai rami ya yi wa leburori 10 alkawarin bonas da baki, ya ƙi cikawa, wace hanya ta rage musu? A rubuta amsa a miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Amsoshi uku da suka fi ma'ana za mu liƙa su a wannan allo.