Kada Ku Yi Gaggawar Sa Hannu Bayan Haɗarin Mota

'Yan'uwa, idan mota ta buge wani, galibi kafin a fita asibiti dattawa sun zauna, direba ya ba da kuɗin magani, an ce "ƙaddara ce", an sa hannu a takardar sulhu. Yafiya abu ne mai kyau, amma karaya kan ɗauki watanni, kuma idan an rasa rai, maraya ba ya cin haƙuri. Ko a Musulunci ma akwai diyya a kisan kuskure.

Idan haɗari ya faru, ku fara da rubuta lambar motar, ku ɗauki hotonta da na wurin, ku karɓi lambar wayar shaidu. Ku kai rahoto ga 'yan sanda, ko ku kira jami'an kiyaye haɗurra a 122. Ku adana rahoton likita da kowane rasit, har na allura.

Dokar Najeriya ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa rauni ko iyalan mamaci. Ku nemi takardar, a tabbatar ba jabu ba ce.

Kafin sulhu, ku ga lauya. Marar hali ya tuntuɓi ofishin Legal Aid Council na jiharsa. Kada a jinkirta, shigar da ƙara yana da wa'adi, musamman idan motar gwamnati ce.