Yadda Ake Tsare Robobin Kunu da Zoɓo Daga Kyankyaso da Ɓera

A Sakkwato, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, gidan da ake kunun zaƙi, zoɓo ko kunun aya na sayarwa ba ya rabuwa da tarin robobi: bokitin jiƙa gero, baho, rariya, mazurari, jarka, kula, da buhun gorunan ɗuri. Ciniki kan yi armashi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, da kuma watan azumi. Da sanyi ya shigo kasuwa ta ja baya, sai a cusa kayan a sito ko ƙarƙashin gado. Ranar ɗauko su ne ake tarar da kashin ɓera a baho, kyankyasai sun yi gida a murfin kula, kiyashi ya yi layi zuwa bakin jarka.

Uwargida, ba robar ƙwarin suke bi ba. Zaƙin da ya maƙale da laimar da aka rufe a ciki ne ke kiransu. Roba tana riƙe wari, kuma duk inda ta karce, gasara da sukari suna shiga su zauna.

Da farko ki fitar da komai tsakar gida da hantsi, ki rarraba. Kada ki buɗe su a ɗaki, don abin da ke ciki zai watse ya sami sabon maɓoya. Ki cire murfi da famfon kula, ki duba zaren bakin jarka da ƙarƙashin leɓen bokiti. A nan kyankyaso ke ɓoye ƙwansa cikin wata 'yar jaka mai ruwan ƙasa kamar ƙwayar wake. Jaka ɗaya ta ƙaramin kyankyason kicin kan ɗauki ƙwai 30 zuwa 40, kuma maganin feshi ba ya ratsa ta sosai. Ki kankare ta, ki murƙushe.

In kin ga kashin ɓera, kada ki kai tsintsiya, kada ki karkaɗe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum, kuma ya fi yaɗuwa da rani, daidai lokacin da ake fito da waɗannan kaya. Ki sa safar hannu ko leda, ki haɗa Hypo ko Jik kashi 1 da ruwa kashi 9, ki jiƙa wurin ya yi minti 5, sannan ki goge da tsumman da za ki yar.

Na biyu, ki yanke hukuncin abin da zai tafi bola. Nan ne mata ke jin ciwo, amma robar da ɓera ya gwaigwaya, ko ta tsage, ko cikinta ya yi kaushi, ta gama aikin abin sha. A mayar da ita ta wanki ko ta ban ruwan shuka. Haka goran da ya yi baƙi a gindi. Sabon bokiti a Babbar Kasuwa ya fi arha a kan a ce kunun gidan wance ya ɓata wa yara ciki, don irin wannan magana in ta fita unguwa ba ta dawowa.

Na uku, wanki. Ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi. Soson ƙarfe ki bar wa tukunya, shi ne ke karce roba ya buɗe wa datti hanya. Kada ki zuba tafasasshen ruwa a gorunan ruwan sha, masu lamba 1 a gindi, don suna lanƙwashewa. Bokiti da jarka masu lamba 2 ko 5 sun fi jure zafi. Jarkar da hannu ba ya shiga, ki zuba mata ɗanyar shinkafa cikin tafin hannu da ruwan sabulu, ki rufe ki girgiza sosai. Rariya kuwa tsohon buroshin haƙori ne maganinta, musamman inda raga ta haɗu da baki.

Bayan ɗauraya, ki zuba babban cokali 1 na Hypo a lita 4 na ruwa, ki jiƙa kayan kamar minti 5, ki sake ɗauraye su da ruwa mai tsabta. Kada ki gauraya Hypo da wani maganin wanki, yana iya tayar da iska mai guba. In warin tsami ya ƙi fita, ki bar ruwan kanwa ya kwana a ciki.

Na huɗu shi ne wanda aka fi yi wa gaggawa, kuma shi ne ginshiƙin aikin: shanya. Ki kife komai a kan benci ko tabarma mai tsabta, baki a buɗe, murfi daban. Ranar Sakkwato ba ta buƙatar taimako, awa biyu ko uku sun isa. Kada ki bar su su wuni kullum a rana, tana sa roba ta ƙeƙashe ta fara tsagewa. Da damina ki ƙara musu kwana a inuwar da iska ke shiga. Ki sa yatsa a lungun gindi. In kin ji sanyin laima, da saura. Ɗigo kaɗan a rufaffiyar jarka ya isa ya kawo hunhuna, ƙananan ƙudajen nan masu bin tsami kuwa cikin kwana 10 suke tashi daga ƙwai su zama masu fiffike.

Na biyar, ajiya. Ƙananan kaya su shiga babban bokiti mai murfi da ke kamawa gam. Inda ɓera ya yi yawa, durom ko akwatin ƙarfe ya fi, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, kuma roba ba ta gagare shi ba. Ki guji kwali, ɗakin kyankyaso ne. A ɗora kayan a kan kanta ko katako, nesa da bango da buhun gero, aya da sukari. Ki toshe ramukan sito da siminti. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba. Busasshen ganyen darbejiya a gefen kanta yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin wanki.

Sai batun guba. Fiya-fiya da Sniper ba su da hurumi a kusa da kayan abin sha, balle cikinsu. Roba tana shan maganin, kuma wanki ba ya ba da tabbacin ya fita. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni saboda haɗarinsa. In dole sai an yi feshi a sito, a fitar da kayan tukuna, a bar ɗakin ya sha iska kafin a mayar. Ga ɓera, tarko ya fi shinkafar ɓera: kina ganin abin da ya kama, kuma ba ya barazana ga yara da kaji.

Duk bayan mako biyu ki leƙa ki buɗe murfi. Ranar da za ki koma sana'a kuma, ki sake wanke komai ki bi shi da ruwan Hypo kafin ki jiƙa gero, ko da kin tarar da shi fes.