HAƘƘIN MAI JINYA A GIDA DA WURIN AIKI

Duk wanda ya taɓa shiga babban asibiti da daddare, ko a Kano ne, ko Ibadan, ko Inugu, ya ga waɗansu mutane waɗanda ba a rubuta sunayensu cikin littafin kowane ɗaki ba. Suna kwance a baranda bisa tabarmi, ga bokiti, ga buta, ga kwanon abinci a gefe. Ba ciwo ya kawo su ba, ba kuwa ma'aikata ba ne. Su ne 'yan jinya. Su ke zuwa sayen magani, su ke wanke majinyaci su ba shi abinci a baki, in kuma an bukaci jini su ake fara tambaya. Ran da aka sallami majinyaci, likita ya sauke nasa nauyin, amma na mai jinya a ran nan ya soma sosai.

A wannan darasi, in mun ce mai jinya, muna nufin wanda yake ɗawainiya da wani nasa ba don albashi ba: matar da mijinta ya sami shanyewar ɓarin jiki, ko uwar yaro mai amosanin jini ko farfaɗiya, ko 'yar da ke duba tsohon da gigin tsufa ya kama, ko ɗan'uwan mai taɓin hankali. Da yawansu in ka kira su da wannan suna sai su yi mamaki, su ce ai zumunci suke yi. Gaskiya ne, zumunci ne. Amma zama zumunci bai hana shi zama aiki ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi lissafi a rahotonta na 2018, ta ce kowace rana mutanen duniya suna kashe awa biliyan 16.4 wajen hidimar gida da reno da jinya ba tare da an biya su ba, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan aiki mata ke yin sa. Don haka ne a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 29 ga Oktoba ta zama ranar tunawa da masu irin wannan hidima.

Abin da jinya ke ci

Majinyacin da ba ya iya motsi, sai an riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu ko a diddige. To, a dubi wanda zai yi wannan wata shida shi kaɗai. Barci ya gagare shi, baya ya riƙe saboda ɗauka da sauke babban mutum, sana'a ta tsaya, kuɗin magani kuwa bai tsaya ba. Masu zuwa dubiya, waɗanda suka cika gida a makon farko, sai su yi ta raguwa har a wayi gari ba mai sallama. Daga nan damuwa ta shigo, da saurin fushi, da jin kunyar fushin. Inda abin ya fi ban takaici shi ne gidan da aka cire yarinya daga makaranta don ta zauna da kaka. Ciwon mutum ɗaya ya cinye karatun wani.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Ƙidayar 2021 ta nuna akwai masu jinya wajen miliyan biyar a Ingila da Wales. Tun 1976 gwamnatin Birtaniya ta soma ba su ɗan alawus, amma da farko an hana matan aure, wai ai jinya aikinsu ne dama. Sai a 1986, bayan shari'a a kotun Turai, aka shigar da su. Har yanzu ana biyan alawus ɗin ga wanda ke jinya awa 35 ko fiye a mako, ko da yake kuɗin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi kuɗin amfani shi ne dokar 2014, wadda ta wajabta wa ƙaramar hukuma a Ingila ta zauna da mai jinya shi kansa, ta binciki bukatunsa dabam da na majinyaci: yana samun barci? yana son ya ci gaba da aikinsa? Daga wannan bincike ne akan shirya masa wanda zai karɓe shi na 'yan awoyi ko 'yan kwanaki ya huta. Daga Afrilu 2024 kuma, ma'aikaci a Birtaniya yana da ikon ɗaukar hutun jinya na mako guda a shekara, ba albashi. Japan ta fi haka nisa, don dokarta ta ba da har kwana 93 domin kowane ɗan'uwa mai bukatar jinya.

Ba a kawo waɗannan misalai don a kwaikwaye su ido rufe ba. Arzikinsu ba namu ba ne, zaman gidajensu ma ba irin namu ba ne. Abin lura kawai shi ne sun ɗauki mai jinya a kan mutum mai nasa haƙƙin.

Abin da ke akwai a Nijeriya

Yawancin dokokinmu majinyaci suka duba, amma duk abin da ya sauƙaƙa masa ya sauƙaƙa wa mai ɗauke da shi. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare, ta ce a fara sallamarsu a layi, ta kuma wajabta a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga. An kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta soma aiki a 2021. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, har da tsofaffi da naƙasassu.

A nan akwai abin da ma'aikata da yawa ba su sani ba sai ranar da ciwo ya zo. Inshorar ma'aikacin gwamnati ta ƙunshi shi da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki, sai in an yi musu rajista dabam an biya. A yi wannan tun suna da lafiya.

A manyan asibitocin koyarwa akwai sashen jin daɗin jama'a, wanda aikinsa ne ya saurari iyalin da kuɗi ya ƙare musu. Mutane sukan wuce ƙofarsa don kunya, ko don ba su san da shi ba. Haka kuma kafin a bar asibiti, mai jinya ya roƙi ma'aikaciyar jinya da mai gashin ƙashi su nuna masa da hannu yadda ake ɗaga majinyaci, da juya shi, da ba shi abinci ba tare da ya ƙware ba. Wannan ba roƙon alfarma ba ne.

Wurin aiki

Dokar Ƙwadago ta ƙasarmu ta ba mai ciki hutun mako 12, ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, ta ba ma'aikaci har kwana 12 a shekara da albashi in shi ne ba shi da lafiya. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacinta da aka yi wa haihuwa. Amma dokar ba ta ambaci wanda mahaifiyarsa ke kwance ba. Saboda haka sai ka ga ma'aikaci ya cinye hutunsa na shekara a barandar asibiti, sa'an nan ya koma ƙirƙiro wa kansa zazzaɓi. A ganina wannan giɓi ne da ya kamata a toshe, tun da yake yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 156 ta yi maganar ma'aikata masu nauyin iyali tun 1981.

Kafin doka ta zo, shugaban wurin aiki yana da abin yi, kuma yawancinsa ba ya cin kwabo. Yana iya barin ma'aikaciya ta zo ƙarfe goma ta tashi shida, don ta yi wa tsohuwa wanka tukuna. Yana iya sauya wa mai aikin dare zuwa rana, ko ya ɗage canjin wurin aiki zuwa wani gari, ko ya yarda a yi wani aikin daga gida. Wanda ya shekara goma sha biyar yana riƙe da asusun ofis, in ya ajiye aiki don jinya, koyar da wani zai fi wannan rangwame tsada.

Shi kuma ma'aikaci kada ya ɓoye. Ya rubuta wa shugabansa takarda, ya haɗa da shaidar likita, ya faɗi ainihin abin da yake nema: ranar Talata ce ta asibiti, ko awa biyu ce ta safe, kuma har zuwa wane wata. Ya ajiye kwafi. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su sa hutun jinya cikin abin da suke tattaunawa da masu kamfanoni, kada maganar ta tsaya kan albashi kaɗai.

A gida kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan'uwan da ke Legas ko Fatakwal yana aiko da kuɗi ya kyauta, amma kuɗi ba ya juya majinyaci da tsakar dare. 'Yan'uwa su zauna su raba kwanaki, a rubuta, a liƙa a bango: wane zai kwana ran Juma'a, wance za ta karɓi Asabar, wane ke da kai tsoho asibiti a ƙarshen wata. In a gidan akwai yarinya 'yar makaranta, a sa sunanta a ranakun da ba a karatu kawai.