Ƙololuwar Labari: Kada Hatsarin Mota Ya Yi Miki Aikinki

Wata marubuciya ta aiko da koke: labarinta yana jan mai karatu tun daga farko, amma da an iso inda ya kamata gabansa ya faɗi, sai abin ya yi salam. Ina gizo ke saƙar?

'Yar'uwa, yawanci ba a shafukan ƙarshe ciwon yake ba. Duba wanda ya warware rikicin. A littattafanmu da yawa, idan marubuci ya rasa mafita, sai ya aiko da hatsarin mota ya kashe mugu, ko kishiya ta haukace ta tona wa kanta asiri a bainar jama'a, ko a ce ashe mafarki ne. Tauraruwar da muka bi shafi bayan shafi kuma tana gefe tana kuka. Wannan yana ci mini rai, domin mai karatu ya ba ki darensa ne don ya ga abin da ita za ta yi ranar da tura ta kai bango.

Ki koma ga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933. Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, ya aure ta. Abubakar ya tafi neman asirin ramuwa, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu, Kyauta, ya taso ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. Kisan yana girgiza mutum ne domin kowane mataki ya fito daga abin da wani ya zaɓa da hannunsa, tun ranar da aka ɗaura auren. Babu abin da ya faɗo daga sama.

To, ki fara rubuta ƙololuwar, sannan ki dawo baya ki shuka ta. Idan wasiƙa ce za ta fasa ƙwai, mu gan ta tun babi na biyu ana cusa ta ƙarƙashin katifa. Ki kuma sa tauraruwar tsakanin abu biyu da take so duka, misali aurenta da gaskiyar da za ta wanke ƙanwarta, yadda kowanne ta ɗauka sai ta yi asara.

Idan lokacin ya zo, ki rage gudu. Abin da ya faru cikin minti biyar ya cancanci shafuka, mu ji maganganun da kunnenmu, kada wata maƙwabciya ta ba mu labari washegari. Wa'azi kuma ki ajiye shi, nan ba wurinsa ba ne.

Masu sakin labari babi-babi a WhatsApp su yi hattara: idan kowane babi ya ƙare da suma ko saki, ranar babban al'amari ba wanda zai razana. Kafin ki saki babin ƙarshe, ki karanta wa wata shi da babbar murya, ki lura da inda ta fara duba wayarta, ki yanke wurin.