Doyar Ƙafar Giwa: Za Ta Yi A Ƙasar Tsanyawa?

Manoma, wannan mako za mu duba wata shuka ta ƙasar Indiya wadda Turawa ke kira doyar ƙafar giwa, don kanta ya yi kama da tafin giwa. Sunan doya kawai ta ci, ainihinta 'yar'uwar gwaza ce. Mutanen Indiya suna ce mata suran. Ganye ɗaya tak take fitarwa, ya buɗe kamar laima a bisa kara mai dabbare-dabbare. Furenta kuwa warin mushe gare shi, don ƙudaje ne ke yi mata barbara.

Ga yadda suke nomanta a jihar Kerala. Sai a yanka kan gida-gida, ko wane yanki ya kai rabin kilo ko fiye, a tabbata yana da ɗan ɓangaren idon tsakiya. A tsoma shi cikin kwaɓaɓɓen kashin shanu, a shanya a inuwa. Sa'an nan a haƙa ramuka, tsakanin ko wane biyu ƙafa 3, a cika da taki da ƙasar sama, a binne irin, a lulluɓe da busasshen ganye. A watan Fabrairu ko Maris suke shuka, kafin ruwa ya sauka. Bayan wata 8 ko 9 ganyen ya yi rawaya ya kwanta, sai tono. Gona mai kyau takan ba da tan 30 zuwa 40 a hekta.

To, kada wannan lissafi ya ruɗe ku. Daminar Tsanyawa daga Yuni ne zuwa Satumba, watau wata 4, ita kuwa tana son danshi ninkin haka. In ka sa ta a jigawar da kake noman gero da gyaɗa, ruwa zai ɗauke tun kan bai ƙosa ba. Sai dai fadama, ko lambu mai rijiya. Can ma a zaɓi gefen da ruwa ba ya kwanciya, gama in ya kwanta gindin karan yakan ruɓe.

Abu na biyu shi ne iri, nan kuwa 'yan kasuwa da malaman ofis masu noma da albashi ya kamata su buɗe kunne. Eka ɗaya tana cin ramuka wajen 5,000. In ko wane rami ya ci rabin kilo, ka binne tan 2 da rabi ke nan tun ba ka ga ko ganye ba. Mai gero kuwa da 'yan mudu kaɗan ya gama. A ganina, wanda ya sami irin ya fara da rami 20 a gefen gwazarsa, ya ajiye abin da ya tona don baɗi. Wannan ba wuya, kan yakan yi watanni a inuwa bai lalace ba, ba kamar rogo ba da ke baƙi cikin kwana 3.

Sai maganar ƙaiƙayi. Duk wanda ya ci gwazar da ba ta nuna ba ya san shi. Wasu ƙananan tsinke ne a cikin naman, waɗanda ido ba ya gani, su ke sukar harshe da maƙogwaro. Matan Indiya sukan fere ta da mai a hannu, su dafa sosai da tsamiya, su zubar da ruwan, kāna su soya ko su yi miya. Tsamiya dai ba mu rasa ta ba. Akwai kuma irin da ake kira Gajendra, daga jihar Andhra Pradesh, wanda ƙaiƙayinsa kaɗan ne.

Amma a yi hattara. A dazuzzukan Afirka ta Yamma akwai 'yar'uwarta ta daji, wadda wasu ke kira gwazar giwa, ganyensu kusan ɗaya. Wannan tana da dafi. Mutanen dā ba su taɓa ta sai yunwa ta kai maƙura, shi ma sai an yanka an jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa. Kada wani ya tono ta ya ce ya sami iri kyauta, a kuma ja wa yara kunne.