Kafin Ka Ɗora Wa Fijo Babban Inji

Wani mai karatu daga Talata Mafara yana son ɗora injin V6 a tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Jikinta zai ɗauka?

Malam, a fara da ƙasan motar. An ƙera ta ne don inji mai silinda 4, ga shekaru sun ci ta. Bakanike ya hau da ita rami, ya ƙwanƙwasa ko'ina. Inda tsatsa ta ci, a yanke a sa sabon ƙarfe, kada a lulluɓe da faci. Mazaunin inji a ƙara masa faranti mai kauri, da waldar lantarki, domin ta kabayid tana lanƙwasa ƙarfe.

Birki, giya da lagireto ma sai an canza. Ka gwada ta a hankali zuwa Bakura kafin ka nufi Maradun da kaya.